Ƙugun Tudu

Ƙarfe tara na dare a Kumasi,
direbobin tarotaro sun zauna ƙirgar sidi,
ni kuwa ina nan, ni da injin da ba ya hamma,
yana tura ruwa ta bututun da bai kai kamu ɗaya ba,
ɗigo na bin sawun ɗigo.

Maganin zazzaɓin yara ne yau,
kwalba goma sha biyu daga rumfunan Kejetia.
Na tace, na zuba, na jira.
A fuskar kwamfuta layi na tafe a kwance,
minti huɗu ba labari,
sai ga tudu ya miƙe tsaye.

Ba tsayinsa nake nema ba.
Tsayi kowa na gani, har maigadi ta taga.
Faɗi nake so, kuma ba a gindi ba,
don gindi ya iya ƙarya,
yana baza riga a ƙasa har ka rasa inda ƙafa ta tsaya.
A raba tsayi biyu, a kama shi a ƙugu.
Nan ne tudu ba ya iya ɓoye teɓa.

Babana, Malam Gariba tela na Aboabo,
haka yake yi wa masu ɗinkin Sallah:
"Saki cikinka, Alhaji, tef ba surukinka ba ne."
Ya rubuta lamba da alli a jikin ƙyaure,
mai riga ya yi ta rantsuwa bara bai kai haka ba.

Da safe, da magani na ƙwarai,
ƙugun nan daƙiƙa goma sha ɗaya ne.
Kwalba ta bakwai ta ce sha tara.

Manhaja ko a jikinta.
Ta ja layin gindi, ta shafa kore,
ta rubuta: abu ɗaya ne, ya wuce.
Na matso da hoton, na ƙara matsowa,
sai ga kafaɗa a gefen dama,
kamar goyo a ƙarƙashin mayafi.
Ruwa ba ya tsami banza,
tudu ma ba ya ƙiba banza.

Na fara zargin bututu, tsoho ne,
ya sha allura ta fi dubu biyu.
Na sake ba shi na ƙwarai.
Sha ɗaya. Siriri, tsaf, kamar da safe.
Bututu ya wanke kansa.

Maame Serwaa ta leƙo, jaka a hammata:
"Barikisu, takarda na jiran hannu gobe,
mai kayan ya kira sau uku."
Ta tafi, ta bar min ƙarar takalminta a matakala.

Linzamin kwamfuta na tafina.
In na ja wannan ɗigon hagu kaɗan,
kafaɗa ta faɗa waje, lamba ta rame,
in samu motar ƙarshe ta Asawase.
Manhaja za ta rubuta sunana da lokaci
a wani shafi can ƙasa,
amma wa ke sauka can?

Irin kwalbar nan na gani shekaranjiya
kan tagar Fuseina, ɗaki na uku a gidanmu,
ta kai rabi, cokali a gefenta.

Na sake linzami.
Na rage wa ruwa gudu, na sauya haɗi,
na ba tudu doguwar hanya,
don abokan tafiya na ƙarya
nisa ke raba su.

Minti arba'in. Shayi ya huce. Sauro ya samu ƙafata.

Sai layi ya tashi, ya sauka, ya sake tashi.
Biyu ne.
Na auna ƙugun kowanne, na rubuta.
Na farkon na san sunansa tun ina makaranta.
Na biyun, gajere, mai faɗi,
yana tsaye yana kallona,
bai faɗi nasa ba tukuna.